They Call Me Trinity na 1970: me ya sa har yau yake ba da dariya?

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Fim ɗin da muka ajiye za mu tattauna a wannan makon shi ne They Call Me Trinity, na kaboyi, wanda aka fara haskawa a Italiya a watan Disamba na 1970. Enzo Barboni ne ya rubuta shi, shi ne kuma darakta, amma a jerin sunaye E.B. Clucher za ku gani, domin a wancan zamanin 'yan fim ɗin Italiya kan ɗauki sunaye irin na Amurkawa saboda kasuwa. Jaruman ma haka suke: Terence Hill ainihin sunansa Mario Girotti, Bud Spencer kuma Carlo Pedersoli.

Ga labarin ga wanda ya manta. Trinity malalaci ne, ƙazami, amma babu mai saurin hannunsa a bindiga. Ya shigo wani gari ya tarar da yayansa Bambino, ɓarawon dawaki, ya maƙala tauraron sherif, wato shugaban 'yan sandan gari, a ƙirji yana shan iska, alhali harbin sherif na gaskiya ya yi a ƙafa ya ƙwace tauraron. Bambino yaransa biyu yake jira su zo su sace dawakin wani attajiri, Manjo Harriman. Shi kuma Manjo so yake ya kori wasu manoma 'yan ɗariƙar Mormon daga wani kwari mai ciyawa don dawakinsa su yi kiwo. Manoman ba sa riƙe makami, ba sa rama duka. Trinity ya ga 'yan matansu biyu, ya ja yayansa cikin rigimar da ba tasu ba.

Abin da nake so mu duba shi ne wannan: ƙarfin fim ɗin yana cikin yadda babu wanda ya nuna ya san barkwanci ake yi. Ɗaukar hoton, tufafin, ƙurar, kallon-kallo kafin a zaro bindiga, duk irin na fim ɗin kaboyi na gaske ne. Barboni ai shi ya riƙe kyamara a fim ɗin kaboyi Django na 1966, ya san yadda ake gina tsoro. Sai ya gina tsoron yadda ya kamata, ya ɗora malalaci a tsakiyarsa.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Malam. Minti goman farko kaɗai sun isa hujja a kan maganarka. A bi su daki-daki. Jarumin kaboyi a kan doki aka saba ganin ya shigo, ƙirji a buɗe. Wannan kuwa a kwance yake a kan wani gado na sanduna biyu da aka ɗaura wa doki, ƙarshen sandunan na jan ƙasa, irin abin da Indiyawan daji na Amurka ke jan kaya da shi. Hula a fuska, ɗamarar bindiga na shan ƙura, doki ya ratsa ruwa da shi bai ko motsa ba. Da ya tashi zai sa takalmi sai ya zaro kunama daga ciki ya yar, babu ko razana.

Sai masaukin. Mai abinci ya zuba masa wake kaɗan, ya hana shi tafiya har ya karɓe kaskon gaba ɗaya, ya cinye da cokalin katako yana haɗawa da burodi. A gefe ga mafarautan masu laifi biyu riƙe da wani mutumin Meziko mai rauni, suna duba takardun waɗanda ake nema ko za su ga fuskarsa. Lura da cewa duk tsawon cin waken kusan babu magana. Kyamara na zuwa kan bakinsa, ta koma kan fuskokinsu, ta dawo. Da an gajarta wurin da rabi da ba zai yi aiki ba, domin daɗewar ce ke sa mai kallo ya fara dariya tun kafin a yi komai. Terence Hill ya sha faɗa a hira cewa hana kansa abinci ya yi kafin a ɗauki wurin, shi ya sa cin ya zama na mai yunwar gaske.

Kuma sai da aka gama raina shi sannan ya faɗi sunansa, fuskokinsu suka canja. Da suka leƙo ta taga za su harbe shi ta baya, ya harbe su bai ko waiwaya ba. An gaya maka komai game da mutumin ba tare da dogon bayani ba.

Baba Ilu: Yara, ni fa ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Fim ɗin yana da daɗi, wannan ba a musu. Amma ku faɗi ɓarnar da ya yi. Daga 1964 da darakta Sergio Leone ya fitar da A Fistful of Dollars, kaboyin Italiya ya zama abu mai nauyi, na ramuwar gayya da kwaɗayin zinariya. Trinity na fitowa ya tara kuɗi, na biyunsa Trinity Is Still My Name na 1971 ya sayar da tikiti fiye da miliyan 14 a Italiya kaɗai, sai kowane furodusa ya koma neman siriri ɗaya da ƙato ɗaya su yi ta mare-mare. Aka cika kasuwa da kwaikwayo marasa gishiri, har da masu liƙa sunan Trinity a finafinan da ba su da alaƙa da shi. Kafin shekarun 1970 su ƙare an daina yin kaboyi a Italiya sai jefi-jefi.

Malam Sabo: Allah ya ƙara maka lafiya Baba, batun kwaikwayo gaskiya ne. Amma a duba halin da kasuwar take ciki kafin Trinity. An riga an yi ɗaruruwan finafinai masu labari iri ɗaya: baƙo ya shigo gari, ya kashe mutum talatin, ya fita. Mutane sun fara gajiya. Shi Barboni ma ya daɗe yana yawo da labarin ana ƙin karɓa, wai magana ta yi yawa harbi ya yi kaɗan, kafin furodusa Italo Zingarelli ya amince. Ni a ganina ƙarin 'yan shekaru ya ba wa harkar. Kuma Leone da kansa ai ya nemi Terence Hill, ya haɗa shi da Henry Fonda a My Name Is Nobody na 1973, wanda Tonino Valerii ya ba da umarni.

Baba Ilu: Wannan fim ɗin da ka kawo ai hujjata ce, Malam. Tsohon kaboyi ne yake sallama da zamaninsa yana miƙa wa mai wasa. Amma na ji, ku ci gaba.

Auta: Yayyena ina da tambaya. Akwai wani guntun bidiyo da ke yawo a Facebook inda Trinity yake marin wani mutum, ya zaro bindiga, ya mayar, ya sake marinsa, duk kafin mutumin ya ɗaga hannu. Kwafin da ake samu a intanet babu wurin. Yanke shi aka yi?

Tijjani Mai Kyamara: Ba a yanke ba ƙanena, wannan wurin a fim na biyu yake, bayan wasan karta. Amma tunda ka taɓo shi bari in yi bayanin yadda ake yin irinsa, don dabarar ɗaya ce a duka biyun.

Fim na silima hoto 24 yake gudu a kowace daƙiƙa. In aka rage gudun kyamara lokacin ɗauka, a ce hoto 20 ko 22, sannan aka haska a 24, motsin zai fito da sauri fiye da yadda aka yi shi. Matsalar ita ce komai da ke cikin hoton zai ƙara sauri, har hayaƙin taba da mutanen da ke baya. Shi ya sa ake sa na baya su tsaya cik, ko a matso da kyamara a cire su. In aka rage da yawa kuma sai ya koma kamar finafinan da ba su da murya, tafiyar mutane ta zama tsalle-tsalle, dariyar ta koma ta yara.

Naushi kuwa abu huɗu ne suke haɗuwa. Kyamara tana tsayawa ta bayan kafaɗar mai duka ko ta wanda ake duka, yadda ba za a ga ratar da ke tsakanin hannu da fuska ba, ratar kan kai taƙi guda. In aka ɗauka daga gefe, ratar za ta fito fili, asiri ya tonu. Sai hannun ya wuce layin fuska gaba ɗaya, kada ya tsaya a hanya. Sai wanda aka doka ya karkatar da kai daidai lokacin da hannun ke wucewa. In ya riga, an ga ƙarya, in ya makara ma haka. Na ƙarshe shi ne ƙara, wadda a ɗakin haɗa sauti ake ɗora ta daga baya. Ku cire sautin ku kalli faɗan ƙarshe, za ku ga rabin ƙarfin dukan ya tafi.

Saboda haka nauyin aikin yana kan masu karɓar dukan ne. Ku kalli mai gashin bakin nan cikin yaran Manjo, Riccardo Pizzuti. Ya fito a finafinan Hill da Spencer da yawa, aikinsa shan duka, kuma faɗuwarsa ce ke sa naushin Bambino ya zama abin yarda. Kujeru da teburan da ake fasawa a irin waɗannan finafinan da katako mara nauyi ake yin su, a ɗan tsaga su da zarto tun farko inda ake so su karye.

Injiniya Kabiru: Ƙari a kan na Tijjani: an raba wa 'yan'uwan biyu salon faɗa, kuma jikinsu na gaske aka bi. Hill siriri ne mai wasan motsa jiki, don haka nasa zillewa ne da tsalle da mari mai sauri. Spencer kuwa kada a ga tumbi a ɗauka ƙiba ce kawai. Zakaran ninƙaya ne, shi ne ɗan Italiya na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya a 1950, ya je gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki da ta 1956 a Melbourne. Shi ba ya zillewa. Tsayawa yake a doke shi sau biyu sau uku, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka dama, sannan ya dunƙule hannu ya sauke shi a tsakar kan mutum kamar taɓarya a turmi. Shugaban 'yan fashi Mezcal ya sha wannan dukan, kuma kowane karo dariyar tana ƙaruwa saboda mai kallo ya riga ya san abin da ke zuwa, jira kawai yake.

Hajiya Mairo: Sannunku da ƙoƙari. Ni ta wani ɓangaren zan shigo, don akwai masu tambaya ko za a iya kallo da yara. Jini kusan babu. Akwai kisa a farko, mafarautan nan biyu da mutum ukun da suka tsaya wa Bambino a titi, amma faɗuwa kawai suke. A babban faɗan ƙarshe an tilasta wa kowa ya ajiye bindiga, babu wanda ya mutu. Abin da iyaye za su kula da shi uku ne: wurin wankan Trinity da 'yan matan biyu a rafi, shan giya a mashaya, da wasu kalamai marasa daɗi da 'yan'uwan suke yi a kan mahaifiyarsu. Wurin wankan gajere ne, ana iya tsallake shi labarin bai ɓaci ba.

Sannan inda fim ɗin ya gaza, a faɗa. 'Yan matan biyu, Sarah da Judith, ba su da wani hali nasu. Murmushi suke, su kalli Trinity, shi ke nan. Ba za ka iya bambanta ɗaya da ɗaya ba sai da fuska. Mutanen Meziko kuma an mayar da su ko mashayi ko ɗan fashi mai ihu. Na san haka finafinan lokacin suke, amma marubucin da ya iya ba wa tsoho Jonathan mai kula da ofishin sherif baki mai daɗi haka, da ya so da ya ba matan nan ko jimla biyar masu ma'ana.

Malam Sabo: Hajiya wannan gaskiya ce, ban da abin cewa a kan matan. Mezcal kam zan ɗan kare shi. Akwai wurin da Manjo ya yi masa tayin dawaki a matsayin lada, ya nuna shi ya fi son a bar shi ya sace su, don karɓar lada zubar da mutunci ne a wurinsa. Wannan rubutu ne mai kyau, an ba shi nasa tsarin tunanin.

Malama Rabi: Bari in gyara wani abu na tarihi, kada a ɗauki fim a matsayin darasi. 'Yan Mormon na gaske ba mutanen da suka haramta wa kansu makami ba ne. Suna da rundunar tsaron kansu tun suna garin Nauvoo a jihar Illinois, kuma a 1846 sun ba da bataliya guda ga sojan Amurka a yaƙin Meziko. Ƙin faɗa da irin shigar da aka yi musu a fim ɗin sun fi kama da na 'yan Amish, wata ɗariƙar Kirista ta manoma a Amurka. Abin da marubucin yake buƙata daga Mormon shi ne auren mace fiye da ɗaya, wanda cocinsu ya yi har zuwa sanarwar 1890 da ta dakatar da shi, don Trinity ya samu dalilin zama. Sai ya haɗa al'adun jama'a biyu ya yi ɗaya.

Rigimar filin kuwa tana da asali. A yammacin Amurka an yi ta rikici tsakanin manyan masu garke da ƙananan manoman da dokar 1862 ta ba kowannensu eka 160. A kan wannan aka gina fim ɗin Shane na 1953. Koya wa manoma faɗa kuma an riga an gan shi a The Magnificent Seven na 1960. Mai kallo na wancan lokacin ya san waɗannan labaran, don haka yana jiran jarumi mai sadaukar da kai, sai aka ba shi ɓarawon da dawakin kawai yake so da malalacin da mata suka ja.

Auta: To wannan ba kamar rikicin manoma da makiyaya na wajenmu ba ne?

Malama Rabi: Ciyawa da ruwa ake faɗa a kai, nan suka yi kama. Amma Manjo ba makiyayi ba ne mai bin garke, attajiri ne mai 'yan bindiga da magajin gari a aljihunsa. A bar kwatancen a nan ya fi.

Tijjani Mai Kyamara: Kuma kwarin nan ba a Amurka yake ba, ba ma a Sifen ba inda Leone ya yi nasa. Filin Camposecco ne kusa da Camerata Nuova a yankin Lazio, ba nisa da Roma, rafin wankan kuma Monte Gelato. Rashin kuɗi ne ya sa, amma ya yi wa labarin amfani. Kore shar ɗin wurin yana sa ka gane abin da ya sa ake rigima a kansa, abin da busasshiyar ƙasar Almeriya ta Sifen ba za ta ba ka ba.

Auta, tunda kwafin intanet kake kallo, duba abu biyu. An ɗauki fim ɗin da faffaɗan hoto ne, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗoriya. In ka ga ya cika allon waya ko talabijin babu baƙin layi sama da ƙasa, an datse gefunansa. Tsofaffin kwafe na kaset da aka yi don talabijin irin na da mara faɗin allo suna zubar da kusan rabin hoton. A wannan fim ɗin asara ce babba, domin sau da yawa Trinity na gefe ɗaya yana tsokana, Bambino na ɗaya gefen yana haɗe rai, dariyar tana cikin ganinsu tare. Na biyu, tsawon fim ɗin awa biyu ne saura 'yan mintuna. Kwafin da aka ɗauko daga talabijin na Turai yana gudu a hoto 25 maimakon 24, don haka duk minti 100 yakan koma 96, muryoyi su ɗan ƙara siranta. Wannan ba yanka ba ne. In ka ga ya gaza haka sosai, to an cire wasu wurare.

Injiniya Kabiru: Batun murya ma a sani. A Italiya a lokacin ba a damu da ɗaukar sauti a wurin aiki ba, daga baya ake ɗora magana a situdiyo. Farley Granger da ya fito a Manjo Ba'amurke ne, wanda ya yi Rope da Strangers on a Train tare da darakta Alfred Hitchcock, yana Turancinsa, wasu na Italiyanci. Ko a kwafin Italiyanci ba muryar jaruman ba ce: Pino Locchi ne ya yi ta Hill, Glauco Onorato ya yi ta Spencer. Don haka kada wani ya ga baki bai dace da magana ba ya ce kwafinsa ne ya lalace. Duk wanda ya saba da finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa ya san yadda mai ɗora murya ke iya ƙara wa wuri gishiri ko ya kashe shi. Ga wannan fim ɗin, abin da ake so shi ne muryar Bambino ta zama mai nauyi, a gajiye, kada a sa masa ihu. In aka cika masa baki da barkwanci an rushe halin, don shi mutum ne da ke son a ƙyale shi.

Hajiya Mairo: Ba wanda ya ambaci kiɗan. Franco Micalizzi ne ya yi shi, fiton da ke ciki kuma na Alessandro Alessandroni ne, mutumin da ya yi fito a finafinan Leone. A can fiton na tayar da tsigar jiki ne, a nan kuwa a sake yake, yana tafiya da takun dokin da ke jan mai barci. Wannan kiɗan ne darakta Quentin Tarantino ya sa a ƙarshen Django Unchained a 2012.

Baba Ilu: To ni ga inda zan tsaya a kan fim ɗin kansa. Kashi na farko, daga masauki zuwa lokacin da Trinity ya kori wasu 'yan bindigar haya biyu na Manjo a guje babu wando, ba shi da makusa. Tsakiya ta yi sanyi. Zuwa kwari da dawowa ya yi yawa, koyar da manoma faɗa ya ja lokaci, kuma faɗan ƙarshe da an rage masa minti biyu ko uku da ya fi, domin bayan an ga kowane salo sau biyu maimaici ne ya rage. Manjo ma bai cika ban tsoro ba, tun farko ka san ba zai iya da su ba.

Malam Sabo: Na yarda da Baba a kan tsakiyar. Faɗan kuwa akwai abin da ya riƙe shi: shugaban manoman, Tobias, sai da ya buɗe littafinsu ya samo inda aka ce kowane abu da lokacinsa kafin ya yarda mutanensa su shiga. Su kuma manoman suna dukan suna ɗari-ɗari, abin da aka koya musu suke gwadawa ɗaya bayan ɗaya, don haka dogon koyarwar nan a nan take biyan bashinta.

Kuma abin da ya biyo baya bai saki halayen ba. Bambino ya sha wahala don dawaki, ya juyo ya tarar ƙaninsa ya bar wa manoman su, ya tafi Kalifoniya a fusace ya ce kada ya biyo shi. Trinity ya tsaya zai yi aure, da ya ji Tobias na lissafa aikin gona da gini da ke jiransu sai ya sulale. Sherif na gaskiya ya iso da sandunan dogarawa yana neman wanda ya harbe shi, Trinity ya nuna masa hanyar da yayan ya bi.

Auta: Yaya Tijjani, na duba, nawa ya cika allo babu baƙin layi. In zan nemi wani, na farkon zan sake ko in wuce na biyu?

Tijjani Mai Kyamara: Sake na farkon da cikakken hoto tukuna, ka lura da wurin da Bambino ke zaune da jarida mutum uku na tsaye a gabansa, ka ga inda aka ajiye Trinity a cikin hoton. Na biyun kuma a nan za ka ga iyayensu, Harry Carey Jr. ne uban.